Ƙarfen Kaka Ragnhild

Ƙarfen ya girmi uwata, ya girmi gidan da muke ciki.
A ƙasan akwati ya ƙetare teku,
naɗe da zanen gado, kusa da littafin addu'a,
daga wani ƙauyen Norway da harshena ya kasa furta sunansa
zuwa wannan fili na Minnesota
inda ido ke tafiya har ya gaji bai ci karo da dutse ba.

Jajiberin bikin tsakiyar bazara
Kaka ta sauko da shi daga saman kabad.
Ƙwai huɗu, man shanu, sukari, garin alkama.
Na ce, "Garin kamar yaya?"
Ta ce, "Har sai ya yi."
Haka aka rubuta a 'yar takardar ma,
da hannun wata mata da ta rasu kafin a haifi kowa a ɗakin nan.

Cokali guda a kan ƙarfe, a rufe, a juya,
a ƙirga cikin zuciya.
Na farko ya ƙone, kullum sai ya ƙone.
"Wannan na waɗanda aka baro a gida ne," in ji ta,
ta ajiye shi a bakin taga.
Na biyu ya fito siriri kamar ganye, da zanen fure a fuskarsa,
ta naɗe shi a jikin katako tun yana huci,
yatsunta ba su san wuta ba.
Nawa sun sani. Na tsotse su, ta yi dariya.
Krumkake: kalma ta uku ke nan da na mallaka a harshen kakannina,
sauran biyun ma abinci ne.

Da safe motar Kawu Eivind ta ƙi tashi,
muka tura ta har kwanar coci.
Signe ta riƙe gwangwanin a cinyarta
kamar wadda aka ba amanar ƙwai,
kowane rami a hanya sai ta runtse ido.
Duk da haka bakwai suka fashe.
Ba mu bar shaida ba.

A bakin tafki an riga an kafa doguwar sanda,
an yi mata ado da ganye da furanni.
Wani ya ce wannan al'adar mutanen Sweden ce, ba tamu ba.
Kawu ya ce a nan nesa, duk wanda ya kawo gahawa ɗan'uwa ne.
Mai goge ya kama aiki, sauro na yi masa amshi,
masu furfura suna tsalle kamar kwaɗi
cikin rigunan ulu masu surfani, gumi har dunduniya,
don kada a ce an manta.

Kaka ba ta yi rawa ba bana.
Ta zauna a kan bargo, ƙafafunta cikin ciyawa,
tana kirana da sunan ƙanwarta, Borghild,
wadda ban taɓa gani ba sai a hoto.
Na amsa. Me zai ragu a jikina?
Ta gatsa ɗaya, ɓurɓushi ya zubo mata a ƙirji,
ta ce, "An cika gari."
Ni na zuba garin.

Ƙarfe tara na dare, rana ba ta da niyyar faɗuwa.
Yara sun jiƙe sharkaf, gwangwani ya koma fanko,
Signe na lasar yatsa tana bin kusurwoyinsa.
A hanyar dawowa kowa ya yi barci ban da ni da Kawu,
kan Kaka a kafaɗata, ba nauyi,
kamar abin da ta toya.

Da muka iso, ƙonannen nan ba ya bakin taga.
Tsuntsu ne, na sani.
Na wanke kwano, na goge ƙarfen da tsumma, don ba a sa masa ruwa.
Na ɗauki biro zan gyara takardar, in rubuta kofi nawa,
sai na tsaya.
Na mayar da ita yadda na same ta.